Roots 8-71 ko Whipple a kan 502 na jirgin ruwa, amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya jiya

Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Texas ya yi tambaya, ya ce ya sayi jirgin gudu na hannu mai ƙafa 27, injin ciki MerCruiser 502 Mag ne mai injekta da ƙafar Bravo One (wato sashen da ke bayan jirgi mai kai ƙarfin inji zuwa farfela), yana so ya ɗora masa bulowa, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, amma an raba masa hankali, wasu sun ce ya sa Roots 8-71 da kafireta biyu, wasu sun ce Whipple mai sukurun nan. Malam ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, na so in zauna in rubuta maka da kyau ne don kuɗin da za ka kashe ba kaɗan ba ne.

Kafin mu je kan bulowa sai ka fara cire tunanin mota daga kanka. Mota idan ka taka totur daƙiƙa goma ko sha biyar ka ɗaga ƙafa, injin ya huta, ga giya tana canzawa ga gangara. Jirgi ba shi da gangara, giyarsa ɗaya ce, ruwa kuma yana riƙe da farfela tun daga tashi har tsayawa, kamar tirela ce ɗauke da siminti tana hawan dutsen da ba ya ƙarewa, kuma a juyi 5,000 a minti. To duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan zafi yake, domin zafi ne ke kashe injin jirgi mai bulowa, ba ƙarancin ƙarfi ba.

Ka yi sa'ar inji gaskiya. 502 ɗin nan lita 8.2 ne, faɗin silinda kusan inci 4.47, tafiyar fistan inci 4, yana ba da ƙarfin doki 415 yadda ya fito daga kamfani, kuma kiranshaf da fistan ɗinsa ƙirar duka ce ba zubi ba. Da ƙaramin 454 ne mai doki 310 ko 330 wanda fistan ɗinsa zubi ne da na ce maka kar ka fara sai ka canza kayan ciki.

Ita Roots tsohuwar hannu ce. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na garin Connersville a Indiana, su suka yi mata rajista a 1860, kuma ba don mota ba, don hura iska a wutar narka ƙarfe. Sunan 6-71 da 8-71 kuma daga injinan dizal na kamfanin General Motors (GM) ya samo asali, wato silinda shida ko takwas kowace kubik inci 71, masu tseren mota suka riƙa ciro bulowar daga jikin dizal suna ɗorawa a kan injin fetur. Aikinta dai ɗiban iska ne kawai, ƙarafa biyu suna juyawa suna kwasar iska daga sama suna turawa ƙasa, ba ta matse iskar a cikinta, sai a manifol iskar ke cunkushewa, kuma duk lokacin da baki ya buɗe iskar da ta riga ta matsu tana ɗan komowa baya tana gwabzawa da sabuwar, nan zafin yake fitowa. A psi 5 ko 6 (psi ma'aunin matsin iska ne) abin da sauƙi, amma kana ƙara mata gudu zafin na ninkawa fiye da ƙarfin da kake samu.

Whipple kuma irin wadda injiniyan Suwidin Alf Lysholm ya ƙera ce a shekarun 1930, sukuru biyu ne mace da namiji masu shiga juna, iska na shiga ta baya, ramin da take ciki yana ƙara tsukewa tana tafiya gaba, kafin ta fita ta riga ta matsu. Saboda haka a psi ɗaya da Roots iskarta ta fi sanyi, kuma ba ta cin ƙarfin kiranshaf da yawa wajen juya ta. Kamfanin Whipple yana Fresno a Kalifoniya. Ka lura da abin da Mercury Racing, sashen injinan tsere na kamfanin da ke ƙera MerCruiser, da kansu suka yi, injinansu 525SC da 575SCi Roots ne a kai, amma da suka zo 600SCi da 700SCi, a kan 502 ɗin dai irin naka, sai suka koma mai sukuru da intakula, wato abin sanyaya iskar da bulowa ta matsa kafin ta shiga silinda. Mutanen da ke ba da garanti a kan inji ba sa canza abu haka kawai.

Wajen kuɗi Roots ta yi nasara ba gardama, musamman ta hannu, ga su nan birjik, kuma kowane tsohon makanike a Amurka ya san yadda ake buɗe ta a canza mata sil da boris. Amma ka yi lissafi da kyau, injinka injekta ne, idan za ka koma 8-71 sai ka cire wannan duka ka sayi manifol, kafireta biyu na jirgi waɗanda aka gyara don bulowa, disfiruta, famfon mai, sannan intakula daban, kafin ka ankara tazarar kuɗin ta ragu sosai. Whipple kit take zuwa da intakularta a ciki a sake wa kwamfutar injin lissafi. Sai maganar tsayi wadda mutane ke mantawa sai kaya sun iso, 8-71 da intakula a ƙasanta da kafireta biyu a samanta da abin tare wuta a can ƙoli, murfin ɗakin inji ba zai rufu ba, sai ka yanka shi, kuma a yawancin irin jirgin nan wannan murfin shi ne katifar da iyali ke kwanciya a kai. Ka ɗauki tef ka auna tun yau.

Akwai abin da Roots ke da shi wanda ba zan ɓoye ba, kyau da murya. Ka ga 8-71 an goge ta tana ƙyalli, bel mai faɗin inci uku yana kuka, injin yana numfashi sama-ƙasa a silo, wallahi duk wanda ke bakin ruwa sai ya juyo. A tafkunan Amurka irin su Lake Havasu da Lake of the Ozarks irin wannan ake yayi kuma ni ma ina so har raina. Amma wannan numfashin da ke da daɗin ji shi ne zai wahalar da kai wajen fakin a gefen gada, ka sa giya injin ya mutu iska na tura ka kan jirgin wani. Injekta da Whipple ka murɗa makulli ya tashi ya zauna lafiya kamar motar gida.

Bari in ba ka abin da na gani da idona don shi ya sa nake ta nanata intakula. Wani abokina ya ɗora Roots a kan 454 ba intakula, wanda ya sayar masa ya ce ai a psi 7 ba ya buƙata. Ranar farko lafiya, rana ta biyu ana tsananin zafi ya riƙe totur a ƙarshe kamar minti uku, sai ƙarfi ya faɗi hayaƙi ya fara fitowa ta bututun numfashin inji. Da muka cire fulogi na baya farin tangaran ɗin ya yi ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa barkono, muka ɗaga tof muka ga gefen fistan ya zaizaye har ringi na sama yana leƙowa, ka sa yatsa ka ji wurin kamar an gutsura. Bai ji ƙarar komai ba, domin a jirgi da salansa a buɗe da iska a kunne ba za ka taɓa jin inji yana ƙwanƙwasa ba sai aikin gama ya gama. Abin takaicin shi ne jirgi ya fi mota gata a nan, kana zaune a kan tafki guda na ruwan sanyi kyauta, famfo kawai zai ɗebo ya bi ta intakula ya fita. Duk wadda ka zaɓa cikin biyun, kar ka tashi ba ita.

Matsin silindar 502 Mag, wato yadda fistan ke matse iska da mai, wajen 8.75 ne, ya ɗan yi sama ga bulowa, masu haɗa inji daga tushe sukan sauko da shi 8 zuwa 8.5. Don haka ka tsaya a psi 5 zuwa 6, lissafin mai sauƙi ne, iskar duniya psi 14.7 ce, ka ƙara 6 ka samu ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari, ka cire abin da bulowar ke ci, za ka tashi da doki 550 zuwa 580. Mai kuma sai mai lambar oktan 91 ko 93 na famfon Amurka, kuma ka tuna ba kowane gidan mai na bakin ruwa ke da shi ba. A rage taimin, a bar mai ya ɗan yi yawa a sama, gara ka ga baƙi a bayan jirgi da ka ga fistan a hannu. Bawul ɗin fitar hayaƙi ka canza zuwa Inconel, ƙarfe mai jure zafi, a ƙara girman abin sanyaya baƙin mai, layin fetur da famfo su ma a ƙara, don a cikakken totur injin nan zai sha galan 55 zuwa 60 a awa, sama da lita 200 kenan. Idan wani ya ce ka sa babban kam irin na motar tsere ka ƙi, salansar jirgi da ruwa take aiki, kam mai barin bawul biyu a buɗe lokaci ɗaya da yawa yana zuƙo ruwan nan baya cikin silinda a silo. Sitata da altaneta da duk kayan wuta su zama na jirgi masu rufaffen tartsatsi, tururin fetur a ƙasan jirgi yake kwanciya ba ya fita, ka kunna fankar ɗakin inji minti huɗu kafin ka tayar, wannan maganar rai ce.

Sai inda Whipple ke da nata haɗarin. Ƙarfinta na zuwa tun daga ƙasa, da ka taɓa totur ya iso gaba ɗaya, ita ma Roots haka take amma mai sukuru ta fi naushi, kuma Bravo One ɗinka ba a yi ta don wannan ba. Giyar sama da shaf ɗin tsaye su ke fara tafiya, ko dai wajen tashi da ƙarfi daga tsaye ko lokacin da jirgi ya yi tsalle farfela ta fita daga ruwa ta dawo kana riƙe da totur. Ka ware kuɗin Bravo XR, ƙafar da ta fi taka ƙarfi, ko aƙalla a ƙarfafa wadda kake da ita, ka koyi tashi a hankali, ka kuma san cewa farfela ma sai an canza ta zuwa mai fici babba in ba haka ba injin zai wuce juyin da ya kamata.

To malam ga inda na tsaya. Da jirgin nuni ne mai buɗaɗɗen inji wanda ake ɗan zabura a dawo, da na ce ka sa 8-71 ka more. Amma kai ka ce da madam da yara kake fita kuma kuna yin tafiya mai nisa, injinka kuma injekta ne tun asali, ni Whipple zan sa, da fulin psi 5, murfi a rufe. In kuɗin bai kai har da gyaran Bravo ba ka jinkirta bulowar zuwa baɗi ka fara da ƙafar. Kafin ka sayi komai kuma a gwada matsin kowace silinda a ga ko tana zubar da iska, ka turo mana lambobin guda takwas da awannin da injin ya yi mu duba tare.