NanoVNA-H4 wajen auna tsawon wayar eriya

Aikina ɗaura eriya da gyaran kayan rediyo ne a nan Maradi, kuma ba abin da ke cin rai kamar a nuna maka wayar da ta riga ta hau ƙarfe ko ta bi cikin gini, a ce ka faɗi tsawonta. Ba ka da halin sauko da ita ka ja tef. Shi ya sa na sa aka kawo mini NanoVNA-H4 daga Kano. Ƴar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba sosai, allonta inci 4, batir a cikinta, tana awo har megahas 1500 (megahas shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sigina).

Yadda nake yi: in hau in cire wayar daga eriya, in bar wancan bakin a buɗe, in jona wannan bakin da na'urar. Sai in nemi megahas mafi ƙanƙanta inda turjiyar wayar ta faɗi kusa da sifili. A nan ne tsawonta ya yi daidai da rubu'in igiyar sigina. Lissafin ba wuya: 75 sau lambar VF (wato saurin sigina cikin wayar idan an gwada da saurin haske), a raba da megahas ɗin, a samu tsawon a mita. Wata waya samfurin RG-58 ta nuna mini faɗuwar a megahas 2.2, VF ɗinta 0.66, ke nan mita 22.5.

To, wannan VF ɗin shi ne gaba ɗayan maganar. Sigina ba ya gudu cikin waya kamar yadda yake gudu a sarari. A RG-58 da RG-213 kashi 66 cikin ɗari ne na saurin haske, a waya mai farin soso irin ta tauraron ɗan Adam kuwa yana haura 80. Na'urar lokaci take aunawa, kai ne za ka gaya mata irin wayar. Ka ba ta 0.66 alhali wayar mai soso ce, mita 30 sai ta ce maka 24, kuma ba ƙarya ta yi ba. Wayoyin kasuwarmu kuwa, Allah na tuba, wata rubutun jikinta daban, cikinta daban. Don haka kullum nakan yanki mita 10 daga irin wayar in auna da tef, in juya lissafin. Wata da na saya kwanan baya ta faɗi a 6.2, VF ya fito 0.83.

Akwai kuma sashen TDR, mai zana maka inda waya ta katse. A wani gidan rediyon karkara ta hanyar Madarunfa ya nuna tsini a wajen mita 14, muka buɗe silin, ga cizon ɓera a wurin.

Inda ba ta burge ni ba: cikin ranar Afrilu ba ka ganin allon sai ka rufa da hula, kuma bakunanta na jona waya, irin da ake kira SMA, ƙanana ne, ba sa son a yi ta murɗa su, balle ƙurar hunturu ta shiga. Na ɗaura mata guntuwar waya da ba na cirewa, a bakin guntuwar nake saiti da ƴan murafai uku na daidaita awo da take zuwa da su. Mai niyyar saye ya haɗa da mahaɗan jona ta da bakin waya irin N da PL-259 tun daga can, don samunsu a nan sai an sha yawo.