Gargaɗi ga masu tsofaffin gidaje a Kaduna game da masu tallar gyaran silin

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin masu tsofaffin gidaje a cikin garin Kaduna, musamman waɗanda suka gaji gida daga iyaye ko suka sayi tsohon gini suna son sabunta shi, saboda akwai wasu mutane da suka mai da aikin cire tsohon silin mai kaushi da mayar da shi sumul hanyar cin dukiyar jama'a. Ɓarnar da suke bari ba ta tsaya ga aljihu kaɗai ba, tana kaiwa har ga lafiyar mutanen gida, kuma wannan ɓangare na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Ba abin mamaki ba ne da suka sami kasuwa a wannan gari. Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa har zuwa 1967, sannan masaƙun Kakuri, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, da matatar mai da aka buɗe a 1980, duk sun jawo ma'aikata da iyalansu, aka yi ta gine-gine. Saboda haka a Unguwar Rimi, Unguwar Sarki, Malali, Barnawa, Kabala, Kakuri da Tudun Wada akwai gidaje masu yawa da suka haura shekara 40, waɗanda silin ɗinsu allo ne mai ƙafa huɗu a kowane gefe, an danne mahaɗarsa da siririn katako, wani kuma daga baya an bi shi da fentin nan mai tsakuwa-tsakuwa da ake ce wa tekskot. Irin wannan silin yana riƙe ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo, ba ya goguwa, kuma duk wanda ya shiga sabon gida ya ga farin silin POP, wanda ake yi da farin gari da ake kwaɓawa ya daskare, sumul da fitilu a jikinsa zai so nasa ya koma haka. Wannan sha'awa ba laifi ba ce, amma da ita ake kama mutane.

Tallar takan fara ne a Facebook ko TikTok ko a zaurukan WhatsApp na unguwa, da hotunan falo masu ɗaukar ido waɗanda ba aikin mai tallar ba ne, ya ɗebo su ne daga intanet. Sai a ce ana rangwame na 'yan kwanaki kafin Salla ko kafin damina, a faɗi farashin da bai kai kuɗin kayan aikin ba ma, balle ladan ma'aikata. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar gini maganar ta fi ko'ina zama daidai, domin buhun garin POP da filas (zaren da ake ƙarfafa POP da shi) da katako da ƙusa duk suna da farashinsu a kasuwa, wanda kowa zai iya zuwa Panteka ya tambaya. Idan aka kira lambar, wani mai tsaf-tsaf da ladabi zai zo da tef ɗin awo, ya durƙusa ya gaida dattawan gida, ya ɗaga kai ya girgiza, ya ce silin ɗin nan ya kusa faɗowa. Daga nan sai batun kafin alƙalami, wanda yakan kai fiye da rabin kuɗin aikin, da hujjar cewa kaya suna tashi kullum, gara a saya yau. Sau da yawa asusun da za a tura kuɗin yana ɗauke da sunan wani mutum daban, a ce na ƙaninsa ne ko na yaron shagonsa.

Wanda ya karɓi kuɗi ya kashe waya tun daga nan ya yi wa mai gida sauƙi idan aka kwatanta shi da wanda zan bayyana yanzu. Gwanayen cikinsu ba sa gudu a ranar farko. Washegari da sassafe za su iso da lebura uku ko huɗu da guduma, ba tare da ko buhu ɗaya na kayan sabon aiki ba, su farfashe silin ɗin falo da na ɗakunan kwana kafin azahar. Mai gida yana ganin haka sai hankalinsa ya kwanta, ya ce lalle aiki ya kankama. Alhali kuwa wannan rushewa ita ce tarkon gaba ɗaya. Daga lokacin da silin ya sauka, gidan ya zama ba ya zaunuwa: zafin kwano yana dukan mutane kai tsaye, wayoyin lantarki suna reto, ƙura da kashin ɓera da na jemage na shekaru sun zubo kan komai, kuma idan damina ce ƙarar ruwa a kan kwano ba ta barin kowa ya runtsa. A wannan hali ne za a zo a ce an gano gara ta cinye katakon sama, ko wayarin ya lalace, sai an ƙaro kuɗi. Mai gida ba shi da bakin ciniki kuma, domin iyalinsa suna raɓe a gidan maƙwabta.

Na ga wannan da idona a gidan wata dattijuwa a layinmu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gidan da suka zauna tun yana aiki. 'Ya'yanta da ke wasu garuruwa ne suka haɗa kuɗi domin a gyara mata falo. Da na shiga duba ta, kujerunta suna tsakar gida an lulluɓe su da zannuwa, ɓaraguzan allo sun cika ƙasa, ƙura ta yi fari a kan hotunan bango har ba a gane fuskoki, kuma jikokinta biyu suna wasa da gutsattsarin suna zane da su a jikin katanga. Ta nuna mini saƙon ƙarshe da mai aikin ya turo mata, inda yake cewa, "Hajiya, ki ƙara haƙuri, kaya suna hanya, gobe in sha Allahu za mu zo." Goben nan ba ta zo ba. Daga baya aka lura cewa tsofaffin wayoyin tagulla da ke saman falon ma sun bi shi, da sunan kwashe shara, domin suna da daraja a wurin 'yan gwangwan.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa suke fara rushewa kafin su ɓace. Wanda ya karɓi kuɗi bai taɓa komai ba, laifinsa a fili yake. Wanda ya rushe silin kuwa zai ce ai ya fara aiki, kuɗi ne suka gaza, sai maganar ta koma kamar saɓanin ciniki tsakanin mai gida da ɗan kwangila, a yi ta sulhu da alƙawarin biya kaɗan-kaɗan har mai gida ya gaji ya bar wa Allah.

Yanzu ga batun lafiya, wanda nake roƙon a karanta da natsuwa. Da yawa daga allunan silin da aka yi amfani da su a Najeriya a waɗancan shekaru siminti ne da aka gauraya da asbestos, shi ya sa ma har yau magina ke kiransu silin asbestos. Asbestos ma'adini ne mai siraran zaruruwa da ido ba ya gani idan sun tashi a iska. Muddin allon yana nan lafiya, an shafe shi da fenti, ba a taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin yana tasowa ne idan aka fasa shi, ko aka huda, ko aka kankare, ko aka bi shi da samfefa, domin a lokacin ne zaruruwan ke shiga huhu su maƙale, kuma jiki ba ya iya narkar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'in asbestos yana haddasa ciwon daji, ciki har da sankarar huhu da ta tantanin da ya lulluɓe huhu, ban da ciwon taurin huhu da ke hana numfashi, kuma cutar takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 ko fiye kafin ta bayyana. Wannan ne ya sa ƙasashe fiye da 50 suka haramta shi. Birtaniya ta haramta shi kwata-kwata a 1999, kuma a can da Amurka tsofaffin kayan shafe silin masu kaushi su kansu an riƙa zuba musu asbestos, shi ya sa ake gargaɗin kada a kankare su sai an gwada. Ba kowane tsohon allo ne ke da shi ba, akwai na katako da na matsattsen ɓawon itace, amma ido ba ya rarrabe allon siminti mai asbestos da marar shi, sai gwajin ɗakin bincike. Wanda bai samu damar gwaji ba, abin da ya fi masa shi ne ya ɗauka cewa akwai.

Abin takaici shi ne wasu daga cikin waɗannan mutane sun koyi kalmar, suna tsorata masu gida da ita. Za su ce silin ɗinka guba ne, yana kashe yara, dole a cire shi cikin makon nan. Sannan su zo su farfashe shi a bushe da guduma, su share da tsintsiya, ba ko takunkumi a hancinsu, wato su aikata daidai abin da ke sakin gubar da suka ce sun zo kawarwa. Leburorin da suke ɗaukowa, yawancinsu samari ne masu neman na abinci, su ne suka fi kowa shaƙa, kuma ba wanda ya gaya musu. Wanda ya san aikin zai fitar da mutane da kaya, ya rufe ƙofofi da ƙasa da leda, ya kashe fanka, ya jiƙa allon da ruwa, ya zare ƙusoshi ya sauke shi ɗungurungum ba tare da ya fasa ba, ya naɗe shi a leda biyu, ya goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Takunkumin yadi ko irin na asibiti ba ya tare wannan ƙura, sai na musamman mai matata. Sau da yawa ma ba sai an cire ba: idan allon da katakonsa suna da ƙarfi, ana iya ɗaura sabon silin a ƙarƙashinsa a bar tsohon a rufe, in dai an kiyaye yawan huda shi.

Wani nau'in damfarar kuma ba ya haɗa da gudu. Aikin za a yi, amma na ganin ido. Za a shafa garin sikiridin, wanda ake daidaita fuskar bango ko silin da shi, kai tsaye a kan tsohon tekskot mai ƙura da maiƙon hayaƙi, ba a wanke ba, ba a sa abin da zai kama shi ba, a bi da farin fenti, a karɓi cikon kuɗi. Bayan 'yan watanni sai ya fara tsagewa yana ɓamɓarowa kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Idan POP ne, sai a rage filas, a tazarar da katako, a yi amfani da ɗanyen itacen da ba a shafa masa maganin gara ba. Mafi muni shi ne a rufe silin ba a gyara yoyon kwano ba, alhali POP ba ya shiri da ruwa: ruwan Agusta da Satumba na Kaduna zai jiƙa shi, ya yi tabo, ya yi nauyi, wata rana ya rufto, kuma ba ya zaɓar lokacin da ba kowa a ƙasa. A wajen awo ma ana cuta. Falon da tsawonsa mita 5 ne, faɗinsa mita 4, murabba'in mita 20 ne, amma wanda bai riƙe tef da hannunsa ba za a rubuta masa 28 ya biya.

Shawarata ga duk mai niyyar wannan aiki ita ce kada ya bari a cire ko allo ɗaya sai kayan sabon aikin sun shigo gidansa, ya ƙirga su, ya kulle. Ya fi kyau ya je kasuwa da kansa tare da mai aikin, ya biya mai shago, ya karɓi rasit, ladan aiki kuma a biya shi kashi-kashi gwargwadon abin da aka kammala. A fara da ƙaramin ɗaki ɗaya, a ga kamun ludayinsa, kafin a ba shi falo. A nemi ya nuna gidan da ya yi wa aiki wanda damina ta riga ta wuce a kansa, a je a gaisa da mai gidan, a ɗaga kai a duba. A san shagonsa da wanda zai tsaya masa, ko shugaban ƙungiyar masu sana'arsa ko mai unguwarsu. Idan ya ce kamfani gare shi, ana iya duba sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma sunan da ke kan asusun banki ya zama nasa ko na kamfanin. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, da awo, da irin kaya, da ranar gamawa, da wanda ke da tsofaffin wayoyi da katakon da za a sauke, shaidu biyu su sa hannu. Magini na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa, kuma Kaduna cike take da irinsu, waɗanda su ma wannan ɓarna take zubar wa mutunci. 'Ya'yan da ke aiko da kuɗi daga nesa kuma su wakilta wani tsayayye, kada a bar tsohuwa ita kaɗai da ɗan kwangila.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana shaidar tura kuɗi, da saƙonni, da hoton tallar kafin a goge ta, ya ɗauki hoton gidan yadda aka bar shi, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin EFCC na shiyyar Kaduna. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara, kuma ƙarar takan fi ƙarfi idan mutum biyu ko uku da mutum ɗaya ya cuta suka haɗu, domin a nan ne hujjar saɓanin ciniki ke rushewa. Kafin nan, a fitar da yara daga inda ɓaraguzan suke, kada a share a bushe, kada a kunna fanka, a yayyafa ruwa a kwashe cikin leda mai kauri a ɗaure, a wanke labule da zannuwa daban da sauran kaya, kuma kada a zuba gutsattsarin a kan hanya da sunan cike rami, inda tayoyin mota za su niƙe su iska ta mayar wa unguwa. A tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, a kan inda ya dace a kai su.