Buhun abincin tarwaɗa da na sayo a kasuwar Wudil

Tankin siminti biyu gare ni a bayan gida, nan wajen Garko, tarwaɗa nake kiwo. Da can dusa da garin kifi nake kwaɓa musu. Wata Juma'a a kasuwar Wudil wani mai shago ya tallata mini buhu mai kilo 15, irin mai tasowa saman ruwa. Kuɗinsa kam sai da na yi tsaki kafin na biya.

Kifin sun karɓe shi hannu bibbiyu, kana watsawa ruwan ya hau tafasa da bakunansu. Zumuɗi ya sa na riƙa zubawa sau huɗu a rana. Kwana biyar ruwan ya soma wari, kifin suka yi lakwas, ko kallon abincin ba sa yi.

Ɗan yayata, da ya karanci harkar kifi, ya leƙa ya ce, "Kawu, laifinka ne, ba na buhun ba. Furotin ɗin da jikinsu bai riƙe ba wata guba da ake kira amoniya yake zama a jini, su fitar da ita ta inda suke numfashi a gefen kai. In ta taru a ruwan, ta jinin ba ta samun fita, zafin bazara kuma yana ƙara mata dafi."

Na koma sau biyu, ina sauya ruwa kullum da asuba, suka farfaɗo. Buhun ya yi. Sai dai gindinsa gari ne zalla, kusan kwano guda, kaji na barbaɗa wa.