Wata Shida da Buɗe Shafin Shagona: Abin da Na Gani a Wayar Masu Saye

Atamfa da leshi da shadda nake sayarwa, daga Kantin Kwari nake sarowa, kuma shekara da shekaru a WhatsApp nake ciniki. Hoto ɗaya sai in tura wa mutum ashirin, kowace ta tambayi farashi, dare ya raba ina amsa "nawa ne turmi?" Shi ya sa da wani matashi mai tsara shafukan intanet ya ce zai yi min shafin shago, ban yi wata-wata ba.

A kwamfutarsa ya nuna min aikin ranar da ya gama. Ya yi kyau ƙwarai, manyan hotuna na wucewa da kansu. Na biya ina murna. Kwana biyu sai ga kiran ƙanwata daga Gusau: "Yaya, shafin nan naki fari fat nake gani, datata kuma sai zurarewa take." Na karɓi ƙaramar Itel ɗin yarinyar da ke taya ni a shago na gwada. Sai da na gaji da jira kafin ya buɗe. Rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, sai an ja da yatsu biyu. Wurin da za a danna a saya ya maƙale can gefe. Abin da ya fi ci min rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa: duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, wani ɗan akwati ne ke fitowa. Mace ta zo duba kuɗi, kalmar "kuɗi" ɗin ma ba ta karantuwa.

Na yaba wa matashin a nan, domin da na faɗa masa bai yi gardama ba. Ya ce, "Hajiya, laifina ne, ban gwada a irin wayoyin masu sayenki ba." Ya zo shago ya zauna a kan dilar atamfa da wayoyi uku a gabansa, Itel da Tecno da tawa. Ashe hotunan da na ba shi haka ya ɗora su da nauyinsu, kowanne megabait da yawa. Ya rage su, ya mayar da su WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, ya cire masu wucewa da kansu, ya sauya salon rubutu zuwa wanda ya san haruffan Hausa. Kaya suka jeru layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kowanne da farashinsa da yawan yadinsa, maɓallin kuma babba, daidai babban yatsa. Ya nuna min PageSpeed Insights na Google, mai auna saurin shafi ya ba shi maki cikin 100, na waya daban, na kwamfuta daban. Ya kuma ce Google yanzu fuskar shafi ta waya yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Ni dai lissafina ɗaya ne: tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba wadda za ta ƙona datarta tana jiran hoton leshi.

Abin da na fi so shi ne koren maɓallin WhatsApp da ke ƙasan kowane kaya. Tana dannawa saƙo zai zo min da sunan atamfar a rubuce, ba sai mun yi ta "wacce kike nufi?" ba. Mai son biya nan take sai ta bi ta Paystack, hanyar biyan kuɗi ta intanet, da kati ko taransifa. Da yake a WordPress, manhajar gina shafukan intanet, aka gina shafin, ni da kaina nake ɗora sabon kaya daga wayata.

Akwai saura. Bai faɗa min tun farko cewa sunan shafin na .com.ng da wurin ajiyarsa duk shekara ake sabunta kuɗinsu ba, kuma ya kamata ya faɗa. Fom ɗin oda har yanzu tambayoyinsa sun yi yawa ga mai rubutu da yatsa ɗaya. Launi ma yana yaudara a fuskar waya: wata shadda ruwan toka ta fito kamar shuɗiya, sai da aka dawo min da ita daga Kaduna. Yanzu da safe nake ɗaukar hoto a bakin ƙofa, in rubuta launin da kalma a ƙasa.

Na riga na haɗa matashin da maƙwabciyata mai turaren wuta. Na ce mata kada ta cika masa kuɗinsa sai ta buɗe shafin a wayar yaran gidanta, da datarta.