Sharhi: mun kwashe kwamfutoci daga gaban ofaretoci, mun mayar da aikin kan saba

Duk wanda ya tambaye ni ko ya dace masana'anta a Sakkwato ta daina ajiye cikakkiyar kwamfuta a gaban kowane ofareta, ta koma nuno masa manhajar SCADA (wadda ake sa ido kan injina da sarrafa su da ita) daga saba, wato babbar kwamfutar da sauran na'urori ke jonuwa da ita, amsata e ce, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi na'urorin cin kuɗi. Ni ke kula da lantarki da na'urorin sarrafawa a wata masana'antar gyaran shinkafa da ke bayan gari, kuma tsarin ya ga damina da hunturu da bazara a hannunmu.

Manhajar da ke nuna tukunyar tururi, injinan busarwa da na casa tana aiki ne a kan saba, a ɗaki mai sanyi da ke kulle. A gaban ofareta akwai allo, linzami da wani ɗan akwati da bai kai bulo ba, ba fanka, ba faifan ajiya mai juyawa. Aikinsa kawai ya karɓo hoton allo ta kebul, ya mayar da abin da aka danna. Mu da Remote Desktop Services na Microsoft muke amfani, wanda kafin Windows Server 2008 R2 ake kira Terminal Services, kuma mun saita shi ya nuna manhajar kaɗai, ba dukkan fuskar Windows ba. Kamar lasifikokin masallacin Juma'a ne: liman na ciki, na waje murya kawai ke iso musu. Lasifika ɗaya ta lalace a sauya ta, amma in na'urar cikin ta mutu, duk sahu sun yi tsit.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne ƙura. Wanda bai taɓa buɗe kwamfutar da ta yi hunturu kusa da injin casa ba bai san abin da nake nufi ba: buntu da ƙurar gari su toshe fanka, bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40, kwamfuta ta riƙa kashe kanta da tsakar rana. Ɗan akwatin nan ba ya zuƙar iska, to ba ya zuƙar ƙura. In ma ya mutu, akwai wani a kabad, a jona, ya hau. Da kuwa sai an sake ɗora Windows da manhaja da lasisi, wuni ya tafi.

Abu na biyu ya fi burge ofaretocin. Idan wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, allonsu ya mutu, zaman aikinsu na nan raye a kan saba. Wuta na dawowa sai su tarar da shafin da suka bari, da jadawalin zafin da suke kallo. Sabunta manhaja kuma wuri ɗaya ake yi. Ramukan filashi mun rufe su, abin da ya jawo min ƙorafi daga masu cajin waya da masu kallon fim a aikin dare, amma tun da aka gano ƙwayar cutar kwamfuta Stuxnet a 2010, wadda ta bi filashi ta kai ga na'urorin Siemens a Natanz ta ƙasar Iran, ba mai hujjar barin su a buɗe.

Sharaɗin da na ambata shi ne saba ta biyu. Da farko guda ɗaya aka saya, don a rage kuɗi. Ranar da ta tsaya, injina ba su tsaya ba, domin PLC, ƙaramar na'urar sarrafawa da ke jone da injinan, ke tuƙa su, ba allo ba, kuma a nan haɗarin yake: tururi na hawa, shinkafa na cikin injin busarwa, ba wanda ke ganin komai. Wani dattijon ofaretanmu, wanda ya fara aiki tun zamanin maɓallai da fitilu, ya dube ni ya ce, "Injiniya, da in tawa ta mutu sai in leƙa ta maƙwabcina. Yau duk kun makantar da mu lokaci guda." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Bayan nan ne aka amince da saba ta biyu, da UPS (batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke) ga sabobin da kowane suwic, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urorin, da ke kan hanya (mutane kan manta da suwic, alhali in ya mutu saba goma ba ta da amfani), sannan muka bar ƙaramin allo guda a jikin tukunyar tururi wanda ke magana da PLC kai tsaye. Wannan allon ba zan yarda a cire shi ba ko wa ya ce.

Lasisi ma a buɗe ido. Kowace na'ura ko kowane mai shiga na buƙatar nasa lasisin na Remote Desktop, kuma Windows na ba da rangwamen kwana 120 kafin ya tsananta. Ɗan kwangilar da ya haɗa mana bai kammala saita wannan ɓangaren ba, komai na tafiya lafiya har ya karɓi kuɗinsa, bayan wata huɗu sai allo ya ƙi shiga. Ban da wannan, manhajar SCADA na da nata lissafin, galibi kowane zaman aiki da aka buɗe a kan saba da kuɗinsa. Da dala ake sayen su, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun Yunin 2023. Ku sa a rubuta muku adadin lasisin a takardar kwangila.

Sauri kuwa, a kan kebul ban ga bambanci da kwamfutar da ke gabanka ba, don shafukan SCADA ba su cika motsi ba. Hoton kyamarar tsaro ne ke nauyi, mun raba shi da wannan hanya. Matsala ta fito a sikelin auna motoci, inda muka haɗa ta iska: in hoto ya yi jinkiri, mutum ya danna bai ga sauyi ba, sai ya sake dannawa. A sikeli abin dariya ne, a maɓallin da dannawa ɗaya ke tayarwa ta biyu ke kashewa ba dariya. Irin waɗannan maɓallan mun raba su gida biyu, na tayarwa daban, na kashewa daban.

Da mai masana'antar ya ji ana iya ganin allo daga nesa, sai ya ce a buɗe masa a wayarsa ya riƙa dubawa daga Abuja. Na ce, "Ranka ya daɗe, gani za ka samu, amma ban da taɓawa." Ƙofar sadarwa mai lamba 3389 da Remote Desktop ke bi na cikin waɗanda ɓarayin intanet suka fi ƙwanƙwasawa. A Mayun 2019 wani ramin tsaro a Remote Desktop da ake kira BlueKeep ya sa Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kula da shi tun 2014. A Disambar 2015 kuma, a Yukren, ofaretocin kamfanonin rarraba wuta suna zaune suna kallon linzami na yawo da kansa a allonsu yana kashe tashoshi, masu amfani da wuta sama da dubu 200 suka shiga duhu. Alhaji ya samu nasa shafin ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, na kallo kaɗai, da kalmar sirrinsa shi ɗaya.

Masana'antar da ke da allon ofareta biyu ko uku, ta zauna da kwamfutocinta, ta saya musu kabad mai tace ƙura, ya fi mata sauƙi. Mai allo da yawa a warwatse cikin zafi da buntu, kamar mu, zai ci ribarsa, in dai ya sa kuɗin saba ta biyu a lissafi tun ranar farko.