Gupi ko Beta: Amsa Ga Hajiya Mai Akwatin Lita 40

Assalamu alaikum. Hajiya, tun shekaranjiya na ga tambayarki, hidima ce ta sha kaina. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi ta sayi akwatin gilashi mai cin lita 40, a Kano take, wutar unguwarsu sai a hankali, kuma tana so ta zuba ƙananan kifayen ado su hayayyafa yara su riƙa gani. Gupi za ta saya ko beta? Yaran dai beta suke so, saboda jelarsa.

Na kiwata duka biyun, na kuma yi asarar duka biyun kafin in gane kansu. Tambayar taki biyu ce a ƙunshe wuri ɗaya. In ajiyewa ce kawai, beta ya fi sauƙi. In haihuwa kike so ki gani, gupi ya ba shi rata mai nisa. Tunda kin ambaci haihuwa, gupi zan ce ki saya, amma bari in jera miki su ki gani da kanki.

Gupi ɗan Kudancin Amurka ne, daga yankin Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad. Sunan ma na mutum ne, Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. Namiji bai cika wuce santimita 3 ba, shi ne mai launi da kwalliya, macen kuwa ta kan kai 5 zuwa 6, ba ta da wani ado sosai. Beta daga Tailan yake, inda yake zaune a fadamun shinkafa da kududdufai marasa zurfi. Can an daɗe ana haɗa mazansa faɗa ana caca a kai, kamar yadda wasu ke yi da zakaru, kuma a 2019 ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Inda kowanne ya fito shi ya zana halinsa.

Mu fara da wuta, tunda ita ce damuwarki. Beta yana da wata gaɓa a cikin kansa da yake shaƙar iskar sarari da ita. Za ki ga lokaci-lokaci ya taso ya ɗan kurɓi iska ya koma. Duk wanda ya san yadda tarwaɗa ke daɗewa a baho babu ruwan kirki, ko yadda gaiwa ke rayuwa cikin laka, ya san wannan baiwar. Saboda haka ko an kwana uku ba a kawo wuta ba, beta ko a jikinsa. Hasali ma ba ya son ruwa mai motsi da yawa, don jelar tana yi masa nauyi. Gupi ba shi da wannan gaɓar, iskar da ke narke a cikin ruwa da ita kaɗai ya dogara. Kuma ruwa yana ɗumama iskar cikinsa tana raguwa: mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi. Ki haɗa wannan da watan Afrilu a Kano, zafi ya haura 40, babu fanka, akwati cike da kifi. Da asuba za ki same su sun taru a saman ruwa suna haki. Maganin ba mai tsada ba ne: kada a cika su da yawa, a sa tsirran ruwa masu rai, a kuma nemi ƙaramin famfon iska irin wanda ake jonawa a fawa bank. Shi ya cece ni a bazarar da ta wuce.

Da hunturu kuma lissafin juyawa yake. Beta yana son ruwa tsakanin digiri 25 zuwa 28, kuma darare a Disamba da Janairu sukan sauka ƙasa da 15. Ƙaramin mazubi nan da nan yake ɗaukar sanyi. Beta zai naɗe fukafukansa ya kwanta a ƙasa ya daina ci, daga nan sai farin ƙurajen nan masu kama da barbaɗen gishiri su feso masa. Na farkon da na saya haka ya tafi, a kan taga na bar shi, ina ganin ai kifi ba ya jin sanyi. Gupi ya fi juriya, digiri 22 ba ya damunsa, ko da yake shi ma in sanyin ya yi yawa zai rage haihuwa. Hita tana son wuta, wutar kuma ba ta da tabbas, don haka ni abin da nake yi shi ne in shigar da akwati uwar ɗaka nesa da taga, in rufe samansa, in lulluɓa masa tsohon bargo da daddare. Ruwa mai yawa ya fi riƙe ɗumi, lita 40 ɗinki ta fi kwalba nesa ba kusa ba.

Batun ruwa ba shi da tsawo. Gupi yana son ruwa mai ɗan nauyi, irin wanda sabulu ba ya saurin kumfa a ciki, don haka ruwan burtsatse yakan karɓe shi. Beta ya fi son mai laushi, amma waɗanda aka haifa a hannun masu kiwo suna sabawa. In na famfo ne, a tara a bokiti ya kwana sinadarin kulorin ya fice. Kada ki taɓa wanke akwati ko soson tacewa, wato wanda ke tace dattin ruwan akwatin, da omo ko sabulu.

Zama tare kuwa, gupi jama'a yake so. Namiji ɗaya, mata biyu ko uku, don mazan ba su da aiki sai bin mata, in mace ɗaya ce za su gajiyar da ita. Beta namiji shi kaɗai yake zama. Biyu a wuri ɗaya sai ɗaya ya yayyaga ɗaya, ko madubi kika nuna masa sai ya buɗe kumatu ya yi shirin dambe. Kada kuma ki haɗa shi da gupi maza masu dogayen jela, yakan ɗauke su abokan gaba.

To, ga inda hanya ta rabu.

Gupi ba ta saka ƙwai, haihuwa take yi. Cikin yakan ɗauki kwana 21 zuwa 30, gwargwadon ɗumin ruwa. Za ki ga baƙin tabo kusa da jelarta yana ƙara duhu, cikin ya cika har ya yi kusurwa kamar akwati, ta fara raɓewa gefe ita kaɗai. Wata safiya sai ki ga wasu ƙananan abubuwa masu manyan idanu suna ɓuya cikin ganye. Sabuwar haihuwa ba ta cika wuce goma ba, babbar uwa takan zuba 30 zuwa 50, wani lokaci fiye. Abin mamakin shi ne macen tana adana maniyyin namiji a jikinta tsawon watanni, ta yi ta haihuwa wata bayan wata ko babu namiji a akwatin. Shi ya sa macen da kika sayo daga tankin da aka cakuɗa su, kusan kullum da cikinta take zuwa. Wata maƙwabciyata har rantsuwa ta yi mini cewa mata zalla ta saya, ga kuma 'ya'ya.

Aibinsu ɗaya: iyayen suna cinye 'ya'yan, har uwar da ta haife su. Ko dai ki cika akwati da tsirrai masu yawan reshe da masu yawo a sama don su sami maɓuya, ko ki kwashe su da ƙaramar raga ki mayar wani baho. Akwai 'yar kejin roba da ake sayarwa ta haihuwa, ni ban cika sonta ba, takura uwar take yi. 'Ya'yan kuwa daga ranar farko suna iyo suna ci. Abincin manyan za ki murje tsakanin yatsu ya zama gari, ki ba su kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Shi ke nan. Cikin wata biyu zuwa uku su ma sun fara nasu.

Beta kuwa biki ne guda, mai kyan kallo, mai cin rai. Sai kin ware namiji da mace kin yi kamar mako biyu kina ɗura musu abinci mai rai, tsutsar sauro ta fi komai. Sannan ki shirya wani mazubi dabam, ruwa bai wuce zurfin santimita 15 ba, babu tsakuwa a ƙasa, babu famfo. Ki sa namiji a ciki, macen kuma a kwalbar gilashi a tsakiya yadda zai gan ta bai taɓa ta ba. Shi zai hau gina sheƙa ta kumfa a saman ruwa, yana kurɓar iska yana tofo ta da yawu, ƙarƙashin ganye ko rabin kofin roba. In macen ta shirya za ki ga ratsi a tsaye a jikinta, ga ɗan farin ɗigo a ƙasan cikinta. Kin sake ta, sai kora da cizo, wani lokaci yini guda. Daga baya ta biyo shi ƙarƙashin sheƙar, ya naɗe ta da jikinsa, ƙwai su zubo, ita ta yi lamo kamar ta suma, shi kuma ya bi ƙwan yana tsincewa da baki yana kaiwa cikin kumfa. Suna gamawa ki fitar da ita, in ba haka ba zai iya kashe ta.

Daga nan uban ne mai jego. A karfasa uwa ce ke riƙe ƙwai a baki, a nan namiji ne ba ya ci ba ya hutawa, duk wanda ya faɗo ya ɗauko ya mayar. Kwana ɗaya zuwa biyu su ƙyanƙyashe, su rataye a kumfa jela a ƙasa kamar gashi. Bayan wasu kwana biyu ko uku su fara iyo a kwance, a ranar za ki fitar da uban.

A nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Ɗan beta ya yi ƙanƙantar da garin abinci ba ya shiga bakinsa, kuma abin da ba ya motsi bai cika kula shi ba. Kwanakin farko sai ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai, waɗanda ake samu in an jiƙa ganyen latas a kwalbar ruwan akwati aka bar shi kwanaki, ya yi gauri ya fara washewa. Dole ki fara wannan tun kafin a yi ƙwan. Bayan nan sai atemiya, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri mai kama da jatan lande, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka sani sarai, a wurin masu sayar musu da kaya ma za ki same ta. Ana ƙyanƙyashe ta a ruwan gishiri cikin kamar awa 24, kuma tana son famfon iska yana juya ta, kin ga wuta ta sake shigowa. Wasu na amfani da gwaiduwar dafaffen ƙwai. Tana yi, amma ɗigo ɗaya ya wuce ƙima ruwa ya ɓaci, ni da ita na kashe zubin farko gaba ɗaya a dare guda. Tsakanin mako na 3 da na 6 kuma gaɓar shaƙar iskarsu take haɗuwa, suna bukatar iskar saman ruwa ta kasance mai ɗumi da laima. Busasshiyar iskar hunturu ta buge su a lokacin, sai ki ga suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A rufe mazubin, kuma kada a fara wannan aiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ko kin tsallake duk wannan, akwai ranar ƙin dillanci. Zubi ɗaya yakan haura ɗari. Wajen wata biyu zuwa uku mazan za su fara faɗa, kowane sai da kwalbarsa. Ki ce arba'in suka fito maza: kwalba arba'in kenan, kowace ana canja mata ruwa kusan kullum. Mai ganin beta a kofi a shago yana cewa ai wannan ba shi da wahala, kallon kitse yake yi wa rogo.

Gupi ma da nasa lissafin. Mata uku, kowace na haihuwa duk wata, kafin wata huɗu lita 40 ta yi musu kaɗan. Tun suna mako huɗu ake fara gane maza da mata, sai a raba su. In kika bar su suna auren junansu zuriya bayan zuriya, launi zai dusashe, a fara samun masu lanƙwasasshen baya, don haka lokaci-lokaci a sayo sabon namiji daga wani wuri. Rarar kuwa a ba 'yan'uwa, ko a zuba a babban baho a inuwar tsakar gida, suna cin tsutsar sauro sosai. Don wannan aikin ma aka yaɗa su ƙasashe da dama, har suka cika kwatocin Legas. Roƙona dai kada a zuba su a kududdufi ko rafi, suna danne na gida. Mu ma muna da namu ƙananan kifaye masu ado: akwai wanda masana suka raɗa wa suna kiyawensis a 1928, daga kogin Kiyawa, wanda ƙwansa ke kwana cikin busasshiyar laka duk rani har damina ta sauka.

Ga yadda zan yi da a ce ni ne ke, Hajiya. Ki zuba ruwa da tsirrai da soson tacewa, ki riƙa jefa ɗan ƙwayar abinci, ki bar akwatin haka babu kifi. Kashin kifi yana zama guba mai suna amoniya, kuma ƙwayoyin halittar da ke karya ta sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a cikin soso. Yara za su dame ki, ki daure. Sannan ki sa namiji ɗaya da mata biyu. Duk mako ki zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki maye da wanda ya kwana. Abinci kuwa abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, don in kowane yaro ya zo ya barbaɗa nasa, ruwan zai yi fari ya fara wari.

Yaran kuma kada a hana su betansu. A saya musu namiji ɗaya, a ba shi nasa mazubin dabam, lita 10 ko fiye, da murfi a kai don yana tsalle. In kin zo saye ki zaɓi wanda yake tasowa gaban gilashi in kin kai yatsa, ki bar wanda ya kwanta a ƙasa komai kyan launinsa.