Fenti ko intalok: wanne za ka yi kafin ka sa gidan a kasuwa?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda kuɗin da ke hannunka abu ɗaya kawai za su ɗauka, ko fentin waje ko shimfiɗa intalok, wato duwatsun simintin nan da ake jerawa a ƙasa, a ƙofar gida, to ka yi fenti. Dukansu biyun na yi da kuɗina. Ɗaya na ci moriyarsa, ɗayan kuwa har yau in na taka shi sai raina ya sosu.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka yanke shawarar a sayar da gidansa na unguwar Gyadi-Gyadi a Kano a raba gado, aka ɗora mini ɗawainiyar. Gida ne mai ƙwarin gaske, ginin da, lokacin da ba a yi wa bulo rowar siminti, amma in ka tsaya daga waje sai ka rantse kango ne. Katanga ta yi baƙi-ƙirin ta inda indararo ke zubo ruwa, yara sun zane ta da gawayi, fastocin 'yan takara a manne kan juna tun zaɓen 2015, get kuma tsatsa ta cinye ƙasansa har kyanwa na shige da fice ta nan. Wata huɗu dillalai na kawo mutane, shiru. Wata rana da la'asar ina tsaye a bakin ƙofa wani bawan Allah ya zo da iyalinsa. Ya sauke gilashi, ya dubi katangar, ya dubi matarsa, ko kashe motar bai yi ba ya juya. Bai ga faɗin tsakar gidan ba, bai ga rijiyar da ko a tsakiyar rani ba ta ƙafewa ba, bai ga bishiyar mangwaron da Baba ya dasa da hannunsa ba. Ranar na koma gida ko abinci ban iya ci ba.

Yayata ce ta ce a cire wani abu daga kuɗin hayar shagon da ke jikin gidan a gyara fuskarsa, magada suka amince. Ta haɗa ni da wani dattijon mai fenti, kuma wallahi a wajensa na koyi duk abin da zan gaya maka. Kwana biyun farko ko bokiti bai buɗe ba. Kankare tsohon fenti kawai yake yi da magogin ƙarfe, yana ɓamɓare takardun nan. Da ya zo gindin katanga, daga ƙasa zuwa kamar gwiwar mutum, sai ya kira ni ya goga tafin hannunsa ya nuna mini wani farin gari kamar kanwa. Ya ce danshi ne ke hawowa daga ƙasa yana fito da gishiri, domin ruwan indararo a nan yake kwanciya, kuma duk fentin da aka shafa a kai, komai tsadarsa, kafin shekara zai kumbura ya zube. Ya ƙi taɓa wurin sai da birkila ya zo ya farfashe ruɓaɓɓiyar filastar ya sake sabuwa, aka sa bututu ya kai ruwan sama har cikin lambatu. Sannan ya ce mu ba ta mako huɗu ta bushe. Na matsu ƙwarai, 'yan'uwa na ta waya suna tambayar ina aka kwana, amma ya tsaya kan bakansa.

Da lokaci ya yi, shafi biyu ya yi wa katangar da fentin ruwa irin na waje, ruwan madara, sai ya ja ɗamara mai duhu a gindi saboda jar ƙasar da ruwa ke fantsamowa. Na so fari tas, ya hana ni, ya ce hunturu ɗaya zai mai da shi ruwan ƙasa. Na tambaye shi tekskot, mai ƙurajen nan, ya ce yana rufe kunyar bangon da bai miƙe ba amma ƙura na maƙalewa a jikinsa, tunda namu bangon sumul yake babu dalili. Get kuma mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya liƙa sabon falle da muka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, aka goge tsatsar da sanfefa, aka fara shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan aka bi da fentin mai. Aka sa wa hinjis giris ya daina kuka, aka ɗaura ƙwan fitila a saman ƙofa. Shi ke nan aikin.

Maƙwabcinmu da ya dawo daga tafiya sai da ya wuce gidan ya dawo da baya. Mako uku bayan nan wani malamin makaranta ya zo, shi kam ya fito daga mota, ya shiga, ya leƙa rijiyar, ya tsaya a inuwar mangwaron nan ya daɗe bai ce komai ba. Shi ya saya, kuma ragin da aka yi masa a kan kuɗin da muka sa wa gidan bai taka kara ya karya ba. Ba zan ce fenti ne ya sayar da gidan ba, gidan ne ya sayar da kansa, amma fentin ne ya sa aka shiga aka gan shi. Ka kuma tuna yadda ake cinikin gida yanzu: dillali zai tsaya a tsallaken titi ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp. Katanga da get ne ke cika hoton. Ƙasan ƙofar gida ɗan siririn layi ne a can ƙasa, wani lokacin ma inuwar motarsa ta rufe shi.

Intalok kuwa, ban ce ba shi da amfani ba. In kai za ka zauna a gidan, yana raba ka da taɓo da damina. Iyakar abin da zan iya faɗa masa na alheri ke nan. Na shimfiɗa shi a ƙofar gidana, kuɗin da ya ci sun ninka na fentin gidan Baba, domin ba duwatsun kaɗai za ka saya ba, akwai ciko, akwai yashi, akwai dakalin gefe da zai riƙe su, ga hayar injin daddaɓe ƙasa. Wanda ya yi mini ya tsallake daddaɓewar, duwatsun nasa kuma yashi ya fi siminti yawa. Damina ɗaya daidai inda taya ke bi ya lotsa, ruwa ya samu wurin kwana, ciyawa ta tsiro a tsakankani. Abin da ya fi ci mini rai, da aka zo gyaran magudanar layinmu, rabin shimfiɗar aka tone, kuma ba ni da bakin magana, domin filin da ke wajen katanga ba ya cikin takardata, na hanya ne. Ka duba taka takardar, da wuya ka ga ya shiga. To mai saye ba zai ƙara maka ko kwabo ba a kan ƙasar da ba a sayar masa ba. In wurin yana damunka, a share shi, a kwashe tarin yashin da buraguzan bulo, a yashe lambatu, a ɗora masa murfin kankare mai kyau inda mota ke hawa, a watsa tsakuwa. Aikin yini ɗaya ne.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don an taɓa yi mini: kada ka ba kowa kuɗin fenti ya sayo maka. Akwai masu tara tsofaffin bokitan kamfanoni masu suna su ɗura musu haɗin gida, alli da ruwa da ɗan launi, su mayar da murfi. A ido ba ka bambancewa, sai bayan ruwan farko ka ga katanga na zubar da hawaye, ko ka jingina rigarka ta kwaso fari. Ka je da mai fentin ya zaɓa, amma kai za ka biya, a shagon da ke da mazauni wanda za ka iya komawa gobe, a ba ka rasit. Ka duba murfi ko an taɓa ɓalle shi. Bokiti mai lita 20 da ka ji kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna sosai, bar musu kayansu. A wurin aiki kuma a buɗe kowane bokiti a gabanka ko gaban yaronka, domin wani mai fentin zai tsinka biyu da ruwa su yi aikin uku, na ukun ya bi ta bayan gida. Haka dillalin da zai ce kawo kuɗi in gyara maka kafin in kawo mai saye, ka ce masa ya tsaya a kan la'adarsa.

Mu ma masu sayarwa gargaɗin ya hau kanmu. In akwai tsaga mai zurfi a bango, irin wadda ta taso daga tushe ko take ƙara buɗewa, kada a cusa mata siminti a shafe da fenti a yi shiru. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ko ka gyara ta gyaran gaske, ko ka kama hannun mai saye ka nuna masa. Ni na nuna wa malamin nan inda aka sake filasta da dalilin sakewar, kuma har yau muna gaisawa.

Sai maganar lokaci. Kada ka yi fenti a watan Agusta bango na jiƙe, kada kuma ka bari sai Disamba ƙura ta sauko ta manne a ɗanyen shafi. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi. In gindin katangarka na da wannan farin garin, ka kira birkila tun yanzu don filastar ta samu makonninta huɗu. Ka je yau ka goga hannunka a wurin, ka turo mana hoton katangar da na get ɗin mu gani.